Gaban Fituwitari da Bayansa: Yadda Ake Bambance Su a Ƙarƙashin Madubi

Assalamu alaikum. Wata ƙanwarmu da ke aji biyu a karatun likita a nan Legas ta tambaya: yaya za ta bambance ɓangaren gaba na fituwitari da na baya a silaid, kuma me ya sa asidofil da basofil, wato ƙwayoyin ɓangaren gaba da ake bambancewa ta launin rini, suke fitowa tas a hoton littafi amma su rikice mata a madubin likita? Ga amsarmu, ƙanwa, kuma za ta amfani 'yan ajinku, na Idi-Araba ne ko na Ikeja.

Ki ajiye maganar launi tukuna, ki fara da asali. Fituwitari, ɗan naman da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sakin sinadaran homon cikin jini, bai fi rabin giram da ɗan wani abu ba, faɗinsa wajen santimita 1, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin sifinoid da ke gindin ƙoƙon kai. Amma nama biyu ne da ba su haɗa tushe ba. Na gaba ya tsiro ne daga rufin bakin ɗan tayi, daga wata 'yar jaka da ake kira jakar Rathke, ya yi sama. Na baya kuwa ƙwaƙwalwa ce da kanta ta miƙo ƙasa daga sashenta da ake kira haifotalamas, kuma har abada tana nan haɗe da ita ta wani siririn kara. Saboda haka na gaba nama ne mai ƙera homon, cike da ƙwayoyin halitta, na baya kuma jijiya ce. Duk abin da za ki gani a madubi daga nan ya samo tushe.

Kafin ki ɗora silaid ɗin, ki ɗaga shi a haske. Sau da yawa ido kaɗai zai nuna miki babban yanki mai duhu da ƙarami koɗaɗɗe. Sai ki fara da gilashin x4. Na gaba, wanda shi ne wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin duka, zai fito kamar atamfa mai launi-launi, na baya kuma kamar farin yadin da ya sha wanki. Ɗalibin da ya yi tsalle zuwa x40 tun farko ya rasa wannan, domin a fili ɗaya na x40 fituwitari yana iya kama da faratayiroid, wani naman homon da ke wuya. Ganin nama mai duhu manne da koɗaɗɗe a silaid ɗaya shi ne babbar shaidar da ke hannunki kafin a kaɗa ƙararrawa a jarrabawa.

A x10, na gaba yana nuna ƙwayoyi jere a igiya-igiya da dunƙule-dunƙule, tsakaninsu faffaɗan hanyoyin jini masu siririn bango. Cibiyoyin ƙwayoyin zagayayyu ne, cunkushe. A na baya cibiyoyin tsiraru ne, warwatse cikin zare-zare masu bin juna. Zaren nan ƙafafuwan jijiya ne marasa rufin mayelin, kimanin 100,000, kuma uwayensu suna can haifotalamas a gungu biyu, sufra'oftik da farabentirikula. Don haka cibiyar da kika gani a na baya ba ta jijiya ba ce. Ta fituwisait ce, wato ƙwayar da ke tallafa wa zaren, ko ta bangon hanyar jini. Tambayar cibiyar nan tana yawan fitowa a jarrabawa, kuma da yawa suna faɗuwa a kanta.

Yanzu launi, inda kika fi damuwa. A rinin H&E, wato himatoksilin da iyosin, asidofil yana ɗaukar iyosin ya zama ruwan hoda mai ƙarfi ko ja-ja. Basofil ya ɗan fi shi girma, launinsa shunayya ko shuɗi-shuɗi. Kiromofob bai ɗauki komai ba, sai cibiya da ɗan fili fari-fari kewaye da ita, kuma yawancinsu ƙwayoyi ne da suka riga suka zubar da homon ɗinsu. Kuskure na farko shi ne kallon cibiya. Himatoksilin yana rina cibiyar kowace ƙwaya shuɗi, don haka mai kallon cibiya zai ce duka basofil ne. Jikin ƙwayar za ki duba, domin tsabar homon da ke ciki ita ke ɗaukar rinin. Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini da ke cikin hanyoyin nan sukan yaudari ido a ɗauke su asidofil. Su ƙanana ne, sun fi haske, kuma ba su da cibiya.

Na uku ba laifinki ba ne. Rini yana koɗewa idan silaid ya tsufa, yanka mai kauri yana sa launuka su hau juna, kuma laimar Legas tana sa fumfuna a gilashin madubi har hoto ya yi hazo. Maganinsa shi ne kada ki yanke hukunci a kan ƙwaya ɗaya tilo. Ki nemi fili inda iri biyu suke maƙwabtaka, ki tambayi kanki wace ta fi ja, wace ta fi duhu. Ki kuma san inda za ki nema: asidofil sun fi taruwa a fikafikan gefe biyu, basofil kuma a tsakiya. Idan kika tsaya a gefe kina neman basofil za ki sha wahala a banza. In kin samu silaid mai rinin PAS da orenj G, ki daɗe a kansa. A nan basofil yana fitowa ja mai shunayya saboda sukarin da ke haɗe da furotin ɗinsa, asidofil kuma ruwan lemo, babu sauran gardama.

Asidofil iri biyu ne: somatotirof mai yin GH, homon girman jiki, wanda ya kai kusan rabin ƙwayoyin ɓangaren gaba, da laktotirof mai yin firolaktin, homon ruwan nono, kashi 15 zuwa 20. Basofil uku ne: kotikotirof mai ACTH, homon da ke motsa naman saman ƙoda, kashi 15 zuwa 20, gonadotirof mai FSH da LH, homon haihuwa, wajen kashi 10, sai tayirotirof mai TSH, homon da ke motsa tayiroid na wuya, wajen kashi 5. Za ki ci karo da wani lissafin a tsofaffin littattafai, asidofil 40, basofil 10, kiromofob 50. Ba saɓani ba ne. Wancan ƙidayar launi ce a H&E, wannan kuma ƙidaya ce da rinin da ke kama homon ɗin kansa. Kuma da H&E ba a iya cewa ga somatotirof ga laktotirof. Idan an nuna ƙwaya mai ruwan hoda, ki rubuta asidofil, ki ambaci homon biyun.

A na baya abu ɗaya za ki nema a x40: dunƙulen Herring, mai sunan Percy Herring da ya bayyana shi a 1908. Kumburi ne a jikin zaren jijiya, koɗaɗɗen ruwan hoda, mai ɗan tsaba-tsaba, ba shi da cibiya, galibi kusa da hanyar jini. Ciki akwai homon ADH mai rage fitsari ko oksitosin mai sa naƙuda, kowanne mai amino asid 9, haɗe da furotin da ke ɗauke da shi, niyurofaisin. A haifotalamas aka ƙera su. Na baya ajiya kawai yake yi ya saki. Hanyar jini da aka yanka a gicciye tana kama da dunƙulen nan, sai dai ita tana da bango mai fallen cibiya.

Tsakanin biyun akwai siririn yanki mai 'yan ramuka cike da ruwa mai kauri, ragowar jakar Rathke. Kada su sa ki rubuta tayiroid. A tayiroid ramukan sun cika silaid gaba ɗaya, a nan kuwa 'yan kaɗan ne a kan iyaka. A mutum yankin ƙarami ne ƙwarai, amma idan naman dabba aka yanko zai fito da faɗi, har da tsaga a gabansa.

Jini shi ne bambancin da muka fi so ki riƙe, domin zai bi ki har asibiti. Na baya yana samun jini kai tsaye daga jijiyar jinin fituwitari ta ƙasa, umarni kuma ta zaren jijiya yake zuwar masa. Na gaba kuwa yawancin jininsa sai ya fara ratsa ƙananan hanyoyi a gindin haifotalamas, ya kwaso homon masu ba da umarni, sannan ya gangaro ta karan da ƙarancin ƙarfi. Idan ƙari ya danne karan, homon na gaba suna raguwa amma firolaktin yana hawa, saboda dofamin na haifotalamas da ke taka masa burki ya daina isowa. A lokacin juna biyu laktotirof suna yawaita, fituwitari ya kumbura, buƙatarsa ta jini ta ƙaru. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ƙarfin jininta ya faɗi, na gaba shi ke mutuwa, na baya galibi ya tsira. Wannan ne ciwon da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Alamarsa ta farko sau da yawa ita ce ruwan nono bai zo ba, sannan al'ada ba ta dawo ba, ga kasala mai tsanani. Idan kika fara zagayen ɗakin mata, duk mai irin wannan koken ki tambaye ta yadda haihuwarta ta ƙarshe ta kasance, da ko an ƙara mata jini.