Kuala Lumpur, Melaka ko Penang: ina za ka yada zango a Malesiya?

Wanda ya samu bizar Malesiya, ya kuma sha doguwar tafiya ta Doha ko Istanbul, bai kamata ya ƙarar da kwanakinsa a hanya tsakanin gari da gari ba. Idan mako ɗaya gare ka kuma sayayya ce ta kawo ka, ka sauke jakarka a Kuala Lumpur. Sauran garuruwan na ganin ido ne.

A Kuala Lumpur kowane kaya da unguwarsa. Mai neman yadi, gyale da hijabi ya nufi titin Tuanku Abdul Rahman da layin Masjid India da ke kusa da shi. Nan ne zuciyata ta fi kwantawa, domin shagunan a jere suke, za ka kwatanta leshi da siliki a wuri uku kafin ka zaro ringit, wato kuɗin ƙasar. Kenanga Wholesale City kuwa ta 'yan sari ce: idan ka ɗauki tufafi da yawa ake rage maka, guda ɗaya ba ya biyan wahalar zuwa. Waya da kwamfuta sai Low Yat Plaza a unguwar Bukit Bintang. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, don haka caja ba za ta ba ka matsala ba. Amma ka tambayi mai shago ko garantin yana aiki a wajen ƙasar, ka kunna kayan a gabansa, ka karɓi rasit.

Titin Petaling ya yi suna, kuma akwai daɗin zagayawa da yamma. Sai dai jaka ko agogo mai babban suna da aka miƙo maka da araha, jabu ne. A can ciniki dole ne, kada ka biya farashin farko. Mai son na ainihi ya tafi manyan kantunan Pavilion ko Suria KLCC, inda farashi a rubuce yake, babu tayi. Tsarabar gida kuma, ni Central Market nake zaɓa: batik, wato yadi mai zanen rini, yadin songket mai saƙar zaren zinari, da kayan sassaƙa, duk a cikin ginin da aka yi tun 1937.

Kallo ma bai yi nisa da kasuwa ba. Suria KLCC a gindin tagwayen hasumiyoyin Petronas take, masu hawa 88 da tsayin kusan mita 452. Ka sayi tikitin hawa ta intanet tun da wuri, yakan ƙare. Abin da ba na so kowa ya tsallake shi ne gidan adana kayan fasahar Musulunci da aka buɗe a 1998, dab da Babban Masallacin Ƙasa. Tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da ke ciki kaɗai sun isa su cinye maka wuni. Ga Musulmi garin yana da sauƙi: manyan kantuna suna da ɗakin salla, wanda suke kira surau. Duk da haka ba kowane gidan abinci ne na halal ba, musamman a unguwar 'yan Sin, sai ka duba tambarin halal a ƙofa.

Melaka tafiyar kamar awa biyu ce a bas, kana iya zuwa ka dawo a rana ɗaya. Tsohuwar daular Musulunci ce da Turawan Fotugal suka ci da yaƙi a 1511, kuma ƙofar ganuwarsu tana nan tsaye. Ka daidaita zuwanka da Juma'a zuwa Lahadi, lokacin da kasuwar dare ta titin Jonker take ci. Kayanta 'yan ƙanana ne, na tsaraba.

George Town da ke tsibirin Penang ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tare da Melaka a 2008. Abincinta ya fi na ko'ina a wurina, musamman nasi kandar, shinkafa da miyar kori ta Musulmin Indiya. Ga masallacin Kapitan Keling, ga tsofaffin layuka. Sai dai jirgin ƙasa daga Kuala Lumpur zuwa Butterworth, garin da ke fuskantar tsibirin, yana cin kusan awa huɗu, sannan a haye ruwa da jirgin fito. Idan ba ka da kwana biyu cikakku da za ka ba ta, bar ta sai wani zuwan.