An manta auduga a cikin majinyaci: wa zai biya, a Amurka da a Ingila?

Sista, kin ce kina karatun jarrabawar aikin jinya ta Ingila, kika ci karo da jerin kurakuran da bai kamata su faru a asibiti ba ko da wasa. Sai ƙawarki da ke aiki a Amurka ta ce su a can inshora ba ta biyan asibitin da ya yi irin wannan. Kina tambaya ko haka abin yake a Ingila. A taƙaice, sun taɓa yi, suka daina. Amma sai kin ga yadda kuɗi ke tafiya a kowace ƙasa kafin dalilin ya fito.

Ƙawarki ta faɗi gaskiya, sai dai ba ta ƙarasa ba. Medicare, inshorar gwamnatin Amurka ta 'yan shekara 65 zuwa sama, ba ta lissafin allura da gado ɗaya bayan ɗaya. Kuɗi ne dunƙule bisa irin cutar da ta kawo mutum, kuma idan wata matsala ta ƙaru a kai, kuɗin ya hau. Kin ga inda gizo ke saƙa: asibitin da ya bar tsoho a gefe guda har gyambon kwanciya ya ci masa baya, a da ƙarin kuɗi yake samu don jinyar gyambon da sakacinsa ya jawo. Dokar 2005 ce ta toshe wannan ƙofa, aka fara aiki da ita ranar 1 ga Oktoba 2008. Daga lokacin, idan aka manta wani abu a cikin mutum bayan tiyata, ko aka ƙara masa jinin da bai dace da nasa ba, ko ya faɗo daga gado ya karye, ko robar fitsari ta jawo masa cuta, Medicare tana biya kamar matsalar ba ta faru ba. Kuɗin asalin cutar na nan, ƙarin ne aka cire. Wanda ba a biyan ko sisi shi ne mafi muni: aikin da aka yi wa mutumin da ba shi ba, ko a gaɓar da ba ita ba, ko aikin da ba shi aka shirya ba. Wannan ya fara a Janairun 2009. Kuma an hana asibiti ya juya ya ɗora wa majinyaci kuɗin.

Masu zaman kansu ma ba a bar su a baya ba. Kamfanin inshora na HealthPartners a jihar Minnesota ya riga gwamnati, tun 2005 ya daina biya. Manyan kamfanonin da ke saya wa ma'aikatansu inshora kuwa, ta ƙungiyarsu Leapfrog, a 2006 suka nemi abu huɗu daga asibitoci: a ba majinyaci haƙuri, a kai rahoto, a binciko tushen kuskuren, a yafe kuɗin.

A takarda abin ya yi kyau. A ɗakin marasa lafiya ga yadda ya koma. Kowace cuta da aka rubuta sai an nuna ko mutum da ita ya zo, ko a asibiti ta same shi. Shi ya sa za ki ga nas, tun majinyaci bai gama zama a gado ba, ta juya shi ta duba ƙugu da dunduniya, ta auna duk wani ja da ta gani, ta rubuta. Dubawar alheri ce, ban musa ba. Amma rabin dalilinta shi ne a kafa hujja cewa daga gida ya taho da abinsa. Sannan idan majinyacin yana da wata matsala mai nauyi da ba ta cikin jerin, ita kaɗai ta isa ta ɗaga kuɗin, asibiti bai rasa komai ba. Wani bincike da ya fito a mujallar likitoci ta New England a 2012 ya duba asibitoci kusan 400, bai ga alamar cewa hana kuɗin ya rage cututtukan robar fitsari da na robar da ake sawa a babbar jijiya ba. Dama can suna raguwa, suka ci gaba a yadda suke. Daga baya aka ƙaro bulala: tun ƙarshen 2014, kashi ɗaya cikin huɗu na asibitoci, waɗanda suka fi muni, ana yanke musu kashi 1 cikin 100 na kuɗin Medicare.

To, Ingila. A nan tambayar wa zai biya ba ta shafi aljihun majinyaci ba, domin NHS, tsarin lafiya na gwamnatinsu, da haraji take tafiya, ba a miƙa wa mutum takardar kuɗi a bakin ƙofa. Rigimar tsakanin asibiti ce da hukumomin yanki masu riƙe da kasafi. Jerin kurakuran na Ingila ya fara a 2009 da abubuwa 8, ya kai 25 a 2011, aka sake tace shi. Kuma ya fi na Medicare ƙunci. Ba za ki ga gyambon kwanciya ko cutar robar fitsari a ciki ba, don su abin da suke ɗauka shi ne wanda akwai tabbatacciyar garkuwa a kansa, wanda in an bi ƙa'ida ba zai faru ba: tiyata a gefen da ba shi ba, kayan aiki da aka bari a ciki, robar abinci ta hanci da ta kauce zuwa huhu aka zuba abinci ba a gane ba. Ki tuna ƙirgen auduga a tiyata, nas biyu suna ƙirgawa da murya, ana rubutawa a allo, kafin yanka da kafin rufewa. In an ɗinke da guda a ciki, wani mataki aka tsallake.

A farkon tsarin, masu kasafi na da damar ƙin biyan kuɗin aikin. A 2018 aka cire wannan tarar. Hujjarsu ita ce tara tana ƙarfafa ɗora laifi, wanda yake tsoron ɗora laifi kuwa ɓoyewa yake yi. Abin da suka riƙe da ƙarfi shi ne faɗin gaskiya. Bayan badaƙalar sakaci da marasa lafiya a asibitin Stafford da rahoton binciken da lauya Robert Francis ya fitar a kanta a 2013, doka ta wajabta tun 2014 cewa in an cutar da majinyaci, sai an gaya masa baki da baki, an ba shi haƙuri, an bi da wasiƙa.

Ni dai a nan na fi karkata ga Ingila, amma ba da gaba gaɗi ba. Har yanzu ana samun ɗaruruwan irin waɗannan kurakurai a can kowace shekara, faɗin gaskiya bai kawar da su ba. Kuma ba na ganin laifin Amurka: inda mutum ke biyan wani kaso daga aljihunsa, rashin kunya ne a yanke masa ƙafa mai lafiya a kuma aiko masa da lissafi. Hana kuɗin adalci ne. Kawai dai bai zama rigakafi ba kamar yadda aka yi fata.

Wani abu da mutane ke cuɗawa: ƙin biyan asibiti ba diyya ba ce. Kuɗin da Medicare ta riƙe ba ya zuwa hannun wanda aka cutar. A Amurka sai ya ɗauki lauya ya shigar da ƙara ko a sasanta, a Ingila kuma NHS Resolution ce ke karɓar ƙorafin diyya a madadin asibitocin gwamnati.

Ke da za ki tsaya a gefen gado a can, ba za a tambaye ki wa zai biya ba. Za a tambaye ki me kika fara yi da ƙirge bai cika ba. Amsar ita ce ki faɗa da ƙarfi a tsaya, a sake ƙirgawa, a duba ƙasa da kwandon shara, in ba a gani ba a ɗauki hoton ciki kafin majinyaci ya bar tiyata. Bayan nan rahoto, ko da an samo audugar.