Daga Kolon zuwa Kano: yadda ake duba keken kabon na hannu kafin a biya kuɗinsa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan kasuwa, ga amsar tambayar da ka yi mini a kan kekunan nan marasa nauyi masu gangar jiki ta zaren kabon maimakon ƙarfe, da ka ce matasa sun fara nema a shagonka, waɗanda aka gaya maka ana samun na hannu da araha a nan Jamus. Gaskiya ne ana samun su, kuma gaskiya ne farashinsu ya sauka, sai dai sayen irin wannan keke ya sha bamban da sayen Raleigh ko Phoenix da muka sani, don haka na ga ya fi kyau in yi maka bayani dalla-dalla kafin ka turo ko sisi.

Keken da ake magana a kansa an ƙera shi ne domin hanyar burji da hanyoyin cikin daji da na gonaki, waɗanda suke da yawa a ƙasar nan. Kansa lanƙwasasshe ne kamar na keken tsere, amma tayoyinsa sun fi faɗi, yawanci milimita 40 zuwa 45, birkinsa kuma na faifai ne irin na babur. Ya yi farin jini har kamfanin Shimano ya fitar masa da nasa kayan giya da birki masu suna GRX a shekarar 2019, kuma kamfanonin Jamus irin su Canyon da ke Koblenz, da Rose da ke Bocholt, da Cube da ke jihar Bavariya, duk suna ƙera shi. Sabon na kabon yakan fara daga wajen Yuro 2,000 ya yi sama. Abin da ya sa na hannu suka yawaita shi ne, mutane sun sayi kekuna ba ji ba gani a lokacin annobar korona, daga baya kasuwa ta cika ta batse a wajajen 2023, sannan ma'aikata da dama suna karɓar keke haya ta hannun wurin aikinsu na tsawon wata 36, idan wa'adin ya cika wasu su saye shi su sake sayarwa. Yawancin tallan yana shafin Kleinanzeigen, inda mai kaya da mai saye suke haɗuwa kai tsaye ba tare da dillali ba, balle a yi maganar la'ada.

Matsalar duk tana ga gangar jikin keken, wato firam. Ba ƙarfe ba ne, zaren kabon ne da ake shimfiɗawa hawa-hawa, a haɗe shi da wani gam mai ƙarfi, a gasa shi a cikin mazubi har ya sandare, shi ya sa firam ɗin gaba ɗaya bai wuce nauyin kilo ɗaya da 'yan kai ba. Keken ƙarfe idan ya faɗi yakan lanƙwashe ko ya lotsa, kowa ya gani da idonsa, mai walda ya miƙar da shi ya ɗinke, a ci gaba da hawa shekara da shekaru. Kabon ba ya lanƙwasa. Idan ya bugu, hawa-hawan zaren suna iya rabuwa daga ciki alhali fentin waje yana nan yana ƙyalli, tamkar ƙyauren katakon da gara ta cinye ta ciki ta bar fuskarsa sumul. Irin wannan rauni ba ya yin gargaɗi sosai, kuma ranar da zai karye yakan karye ne gaba ɗaya, sau da yawa a gangara ko a lokacin taka birki, inda faɗuwa ta fi muni. Wanda ya duba keken kabon da idon da yake duba na ƙarfe bai duba komai ba.

A nan, kafin a taɓa keken ma, takarda ake fara tambaya. Ana neman rasit na sayen farko, a gwada lambar da ke jikinsa da lambar firam wadda take ƙarƙashin keken, wurin da sandar feda take ratsawa, sannan a rubuta yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da sunan mai sayarwa da lambar katin shaidarsa. Ƙungiyar mahaya keke ta ƙasar, ADFC, tana da samfurin wannan takarda, kuma ita da 'yan sanda a wurare da yawa suna yi wa kekuna wata lambar shaida da ke nuna adireshin mai su. Wannan tsantseni yana da dalili, domin sashe na 935 na dokar hulɗar jama'a ta Jamus ya tanadi cewa wanda ya sayi kayan sata ba ya zama mai shi ko da bai san na sata ba ne, kuma idan mai keken na asali ya bayyana za a mayar masa da abinsa, mai saye ya koma neman wanda ya sayar masa. Rasit ɗin yana da wani amfani kuma, shi ne sanin shekarun keken na gaskiya, amma kada a dogara da shi wajen garanti, saboda kamfanoni da yawa suna ba da garantin firam ga mai sayen farko kaɗai.

Duba jikin keken kuwa ana yin sa ne da rana, a fili, kuma keken a wanke, domin laka tana ɓoye tsaga. Ana haska fitilar hannu a kaikaice a bi firam ɗin taki-taki, musamman sandar sama inda kan keken yake bugawa idan ya faɗi, da ƙasan babbar sandar gaba inda tsakuwa take duka, da gefen da sarƙa take cizo idan ta zame, da wuyan da yake riƙe sandar sirdi. Kurjewar fenti kawai ba abin tsoro ba ne, kusan kowane keken burji yana da ita. Abin tsoro shi ne tsaga mai kama farce, ko wurin da ya ɗan kumbura, ko wanda yake lotsawa idan aka danna shi da babban yatsa, ko kuma sitika da aka manna a inda kamfani ba ya manna komai. Akwai kuma gwajin kwabo, inda ake ƙwanƙwasa firam a hankali da sulalla ana saurare: lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, wurin da ya rabu ta ciki kuma ƙararsa a dushe take fita. A ganina wannan gwaji yana iya tona aibi, amma ba ya iya wanke keke, domin kaurin kabon ɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ƙarar ma takan sauya ko babu wata illa, kuma a mahaɗar sanduna kunne ba ya rarrabe komai.

Wurin da ya fi kowane haɗari ba a ganinsa sai an kwance. Ƙafar da take riƙe tayar gaba tana da bututu da ya shige cikin firam ya fito sama inda aka ɗaure kan keken, kuma a irin waɗannan kekuna shi ma bututun na kabon ne. Idan an daɗe ana hawa da wuyan a sake, ƙarfen da yake riƙe boris yakan ci bututun ya yi masa zobe, idan kuma an ɗaure noti fiye da kima, bututun yakan tsage. Na je ganin wani keke a wani ƙauye da ke wajen gari wanda babu abin da ido zai kushe a jikinsa, ga rasit, ga shaidar kai shi gyara a kan kari, mai shi kuma dattijo ne mai fara'a da ya ba ni lokaci yadda nake so. Da na roƙi a zare ƙafar gaban bai yi musu ba, ya ɗauko kayan aikinsa muka kwance tare, sai ga zoben nan ya kewaye bututun har farce yana maƙalewa a ciki. Mutumin ya fi ni mamaki, kuma na yarda bai sani ba, domin babu wanda yake leƙa wannan wuri haka kawai. Nan take ya ce ya janye keken daga kasuwa sai ya sauya ƙafar. Kwancewar ba ta da wuya a tsofaffin samfura, amma a sababbin da aka bi da bututun man birki ta cikin wuyan, aiki ne na makaniki, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai saye ya nemi a haɗu a shagon gyara.

Sauran kayan keken lissafin kuɗi ne, ba su kai a fasa ciniki a kansu ba. Sarƙa ana auna ta da wani ɗan ƙarfe mai araha, idan ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a keke mai giya 11 ko 12 ta gama aiki, kuma idan an daɗe da wuce wannan iyaka ta riga ta ci haƙoran giyar baya, sai an sauya su tare. Faifan birkin Shimano yana zuwa da kaurin milimita 1.8, ana sauya shi idan ya kai 1.5, kuma an rubuta wannan adadi a jikin faifan. Ana girgiza kowace taya a ji ko boris ya yi wasa, a juya ta a ga ko tana layi, a riƙe birkin gaba a tura keken gaba da baya a ji ko wuya yana ƙwanƙwasa, sannan a hau a bi giya ɗaya bayan ɗaya, a miƙe tsaye a kan feda a saurari ƙara.

Dalilin da ya sa ake lissafa waɗannan ƙananan abubuwa shi ne tsadar aikin hannu. Makanikin keke a Jamus yana shekara uku da rabi yana koyon sana'a kafin a ba shi shaida, ana biyansa ne bisa awa, kuma idan sanyi ya wuce kowa ya fito da kekensa, mutum yana iya jiran makonni kafin layi ya zo kansa. A nan ne nake tuna masu gyaranmu na bakin titi, waɗanda za su ajiye abin da suke yi su ɗinke maka faci kana tsaye, a kuɗin da bai kai na kofin shayi a nan ba. Ta wannan fuska mun fi su sauƙin rayuwa nesa ba kusa ba. Ciniki ma ba irin namu ba ne: wanda ya taya rabin kuɗi yana jiran a ce masa albarka, sau da yawa ko amsa ba zai samu ba, amma wanda ya nuna cewa sarƙa ta miƙe, faifai ya cinye, ya kawo farashinsu, za a rage masa daidai wannan ba tare da jayayya ba.

Akwai bambanci babba tsakanin saye daga mutum da saye daga shago. Mutum yana da ikon rubuta cewa ba ya ɗaukar alhakin wani aibi bayan ciniki, kuma kusan kowa yana rubutawa, sai dai wannan ba ya kare shi idan ya tabbata ya san aibin ya ɓoye, shi ya sa ake sa shi ya rubuta a yarjejeniya cewa keken bai taɓa yin haɗari ba. Shago kuwa doka ta ɗora masa alhakin shekara biyu, wanda yake iya ragewa zuwa shekara ɗaya a kayan hannu, kuma tun daga farkon 2022 aibin da ya bayyana cikin wata 12 ana ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai in shagon ya kawo hujjar akasin haka. Keken shago ya fi tsada, amma a kabon wannan ƙarin yana da ma'ana. Ga wanda zai sayi mai tsada sosai, akwai ƙwararrun da suke haska firam da na'urar sauti irin wadda ake duba juna biyu da ita a asibiti, ko da hoton eksire, su ba da rahoto a rubuce, kuma su ne suke gyara kabon ɗin da ya tsage ta hanyar kankare wurin su shimfiɗa sabon zare.

To, Yaya, duk waɗannan abubuwa da suke kare mai saye a nan, wato takarda da doka da na'ura da makanikin da ya san kabon, ba sa shiga kwantena tare da keken. Ka fi ni sanin yadda kekunan gwanjo suke isowa ta Kwatano ko Legas, an cire feda an jibge su ɗaya kan ɗaya, sannan a ɗaure su da igiya a saman mota har Kano. Ƙarfe yana jure wannan, kabon kuwa matsewa da bugu daga gefe su ne abin da ya fi ƙi, don haka keken da ya bar tashar jiragen ruwa ta Hambog lafiya yana iya isa Sabon Gari da raunin da ba kai ba mai saye babu mai iya gani. Bayan an sayar ma akwai sauran rina a kaba. Notukan wuya da na sirdi suna da iyakar ɗauri da aka rubuta a jikinsu, yawanci 4 zuwa 6 a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, ana ɗaure su da sifana mai awo, alhali al'adar gyaranmu ita ce a ɗaure har sai hannu ya gaji. Birkin Shimano yana shan nasa mai na musamman, idan aka zuba masa man birkin mota robobinsa za su kumbura ya lalace. Tayoyin da ba su da tib a ciki kuma suna dogara da wani ruwa mai toshe huda wanda zafi yake busarwa da wuri, sai an riƙa ƙara shi.

Shawarata ita ce mu fara da irin wannan keke amma mai firam na alminiyam ko na ƙarfe, wanda birkinsa na faifai ne mai aiki da waya, domin siffarsu ɗaya, bambancin nauyin bai taka kara ya karya ba ga mai hawa a hanyar ƙauye, kuma yaran shagonka za su iya gyara shi. Yawancinsu su ma ƙafar gabansu ta kabon ce, saboda haka duban bututun nan yana nan daram, kuma ni zan yi shi a nan kafin a ɗaure kaya. Idan akwai wanda ya dage sai kabon, to a saya masa shi kaɗai daga shago, a sa shi a kwalinsa, a haɗa masa da sifana mai awo da man birki da ƙarin ɗan ƙarfen da yake riƙe giyar baya, wanda kowane samfuri yake da irin nasa, sannan ya san tun farko cewa duk wannan yana cikin farashi. Ka turo mini tsayin waɗanda suke so da santimita, domin waɗannan kekuna girma-girma ne, kuma yawancin na hannun da ake samu a nan na dogayen mutane ne. A gaida Inna da yara.