Oksimitar Lifebox a ɗakin tiyata: amfaninta da inda take ruɗin mai aiki da ita

Likitan da ke tunanin ƙwarewa a fannin sa barci, ko ma'aikacin jinya da ke riƙe da wannan aikin a Kaltungo, Bajoga ko Kumo a jihar Gombe, na'urar da zai fara sanin halinta ita ce oksimita, wadda ake maƙala wa majinyaci a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin a jininsa da bugun zuciyarsa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ake tabbatarwa kafin a sa mutum barci. A ganinmu wadda ƙungiyar Lifebox, da aka kafa a 2011, ke samarwa ta fi dacewa da asibitocinmu, kuma kuɗinta kimanin dala 250 ne.

'Yar ƙarama ce mai launin ɗorawa, tana da batirin caji, tana kuma karɓar batirin AA, don haka ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ba ta tsayar da ita. Amma babban darajarta sautinta ne. Kowane bugun zuciya tana yin ƙara, idan oksijin ya fara sauka sautin ya yi ƙasa. Mai sa barci da ke shi kaɗai, hannu ɗaya a haɓar majinyaci, ɗayan kuma a kan sirinji, kunnensa ne ke yi masa gadi. Ƙananan na kan yatsa da ake sayarwa a shagunan magani, yawancinsu ba a yi su don tiyata ba, kuma sukan daina karatu daidai lokacin da jini ya faɗi. Ƙa'idar dai ita ce: idan oksijin ya kai kashi 94 cikin ɗari zuwa ƙasa a nemi dalili nan take, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce. A ƙara oksijin, a duba hanyar numfashi, a saurari ƙirji, a auna jini, sannan a zargi na'ura.

Inda take ruɗi ya kamata a tsaya. Da haske take aiki, yana ratsa yatsa, shi ya sa baƙin lalle da jan farce ke hana ta karatu, kuma mata da yawa da lallensu suke zuwa tiyatar haihuwa. A nemi yatsan da babu, ko na ƙafa. Yatsa mai sanyi lokacin hunturu, faɗuwar jini bayan allurar kashe zafi ta baya, zubar jini, fitilar tiyata da ke dukan maƙalin, ɗaura abin awon jini a hannu ɗaya da ita, duk suna ɓata lamba. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta za ta iya nuna 98 alhali yana cikin haɗari, domin ba ta bambance gubar hayaƙin da oksijin. Mai ƙarancin jini ma haka, lamba ta yi kyau jinin da zai ɗauki iskar ne babu. An kuma tabbatar oksimita kan ɗan ƙara lamba a kan baƙar fata, wato mu ke nan, saboda haka kada a saki jiki da 92.

Raunin da ya fi damunmu shi ne jinkiri. Majinyacin da aka cika wa huhu da oksijin zai iya daina numfashi na mintuna kafin lamba ta motsa, musamman bayan an ba da maganin sa barci na ketamin da sauri ko an haɗa shi da maganin kwantar da jiki na diyazefam. Oksimita ba ta maye gurbin ido a kan ƙirji ko na'urar auna iskar da ake fitarwa.

Abin da ke fara lalacewa wayar maƙalin yatsa ce, saboda naɗe ta da ƙarfi a jikin na'urar. A sayi na ajiya tun farko, a haɗa da na jarirai mai ɗauri, don na manya ba ya zama a yatsan jinjiri.