Asusun cikin gida a manhajar rahoton ajiyar bayanai: abin da na gani

Wata takwas ke nan ina kula da manhajar da ke tattara mana rahoton ajiyar ko-ta-kwana a wurin aiki, wato wadda ke nuna kowace safiya wane kwafi ya kammala cikin dare, wanne ya tsaya a hanya. Rahoton kansa ba ni da ƙorafi a kai. Ƙofar shiga nake son yin magana a kanta.

Hanya biyu ce. Ko ka haɗa manhajar da Active Directory (tsarin Microsoft da ke riƙe asusun duk ma'aikata) ta LDAP (hanyar da manhajoji ke bi su tambaye shi), ma'aikaci ya shiga da kalmar sirrinsa ta kullum, ko ka buɗe masa asusun cikin gida wanda ke zaune a rumbun manhajar kaɗai. Da farko na raina ta biyun, ina ganin ƙarin wahala ce. Sai ranar da sabar Active Directory, wato kwamfutar da ke tantance kowa, ta faɗi. Duk wanda ya dogara da ita ya tsaya cirko-cirko, ni kuwa na shiga da asusun cikin gida na ga kwafin ƙarshe mai lafiya, daga nan muka san inda za mu dawo da komai. Akwai kuma wani dalili mafi nauyi: masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa, da zarar sun kama asusun babban mai kula da domen (wato duk kwamfutoci da asusun da ke ƙarƙashin Active Directory), ajiyar suke fara nema. Asusun da ba shi da alaƙa da domen ba ya faɗawa hannunsu ta wannan hanya.

Buɗe asusu ba wuya. Suna, kalmar sirri, sai matsayi: mai gudanarwa ko mai kallo kawai. Na ji daɗin tantancewa ta biyu, wato lambar nan mai alƙaluma 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30 a waya, kuma ana iya tilasta wa kowa amfani da ita.

Inda ta ba ni haushi shi ne bayan an buɗe. Idan ma'aikaci ya bar aiki aka rufe shi a Active Directory, asusunsa na cikin gida yana nan da ransa, ba wanda zai tuna maka. Na tarar da guda huɗu irin haka, ɗaya ma na ɗan kwangilar da ya tafi tun kafin zuwana. Babu shafin da ke nuna yaushe mutum ya shiga na ƙarshe, sai ka tona kundin ayyuka layi-layi. Kada a ce ƙaramin abu ne: kutsen kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a 2021 ta tsohon asusun VPN (hanyar shiga tsarin kamfani daga nesa) aka shiga, wanda an daina amfani da shi kuma ba shi da tantancewa ta biyu.

Sannan manhajar tana zuwa da dokar canza kalmar sirri duk kwana 90, alhali NIST, hukumar Amurka mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta daina ba da wannan shawara tun 2017, don mutane lamba ɗaya kawai suke ƙarawa a ƙarshe. Na kashe ta, na tsawaita kalmomin.

Yanzu asusun cikin gida biyu kacal na bari, kalmominsu suna kulle a ma'ajiyar sirri. Sauran kowa ta LDAPS yake shiga, wato LDAP mai ɓoye bayanai a hanya. Farkon kowane wata ina buɗe jerin sunayen da kaina, tunda manhajar ba za ta yi min ba.