Wata uku da madubin duba sulalla

Tun da na fara tara sulallan senti ɗaya na Amurka, abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne rarrabe ninkin rubutu (wato haruffan jikin sule su fito biyu-biyu) na gaske, mai ƙara wa sule daraja, da na banza. Da farko na sayi na'urar ƙara girman nan da ake jonawa da kwamfuta, mai fitilu kewaye da bakinta. Ta ruɗe ni ƙwarai. Hasken yana dukan ƙarfen ta ko'ina, sai kowane harafi ya fito da inuwa, ka rantse ka tsinci dami a kala.

Daga baya na koma ga ɗan madubin hannu mai ƙara girma sau 10, irin mai gilashi uku a manne. Wannan kam ya biya kuɗinsa. Ina kanga shi a ido, in matso da sulen, in karkata shi kaɗan ga fitilar tebur ɗaya tak.

A nan ne bambancin ke fitowa fili. Idan a hatimin bugun, wato ƙarfen da ake buga zane da rubutu a jikin sule da shi, aka yi kuskuren, harafi na biyu yana tasowa da kumburinsa kamar na farko, rubutun ya yi kauri, ƙarshen haruffa ya tsage kamar harshen maciji. Idan kuwa inji ne ya zame lokacin bugu, ninkin a shafe yake kamar matakala, kuma rage jikin harafin yake yi. Wannan na biyun bai ƙara wa sule daraja. Na taɓa samun senti na 1969 mai alamar S (alamar gidan buga kuɗi na San Francisco), zuciyata ta buga don na ɗauka mai ninkin gaske ne, amma madubin ya nuna har S ɗin ya ninku. A wancan zamani da hannu ake buga alamar a hatimi daga baya, saboda haka na gaske S ɗinsa ɗaya ne rak. Shahararren sentin 1955 mai ninkin gaske ba ya ma buƙatar madubi, ido ƙuru ake ganinsa.

Aibin madubin: ƙusar murfin tana kwancewa, kuma bayan rabin awa ido kan yi yaji.

Makon jiya, a cikin ƙunshi na sulalla 50, na ci karo da na 1995. Haruffan kalmar LIBERTY da ke jikinsa sun tsage sarai, musamman B da R. Na sa shi a leda, na rubuta ranar a jiki.