Garin "buɗe ciki" na kaji a shagunan maganin dabbobi na Yamai: yana aiki?

Da zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, masu kiwon kaji sukan ruga sayen ƙunshin garin bitamin da ake zubawa a ruwan sha. Masu shago na ce masa mai buɗe ciki, wato mai ƙara wa kaza sha'awar ci. Garin yana da amfani, amma sunan ya fi ƙarfinsa.

Yunwa daga ƙwaƙwalwa take tashi. A wani sashe mai suna haifotalamus, sinadarin NPY ne ke tura kaza bakin kwano, wasu sinadaran kuma su tsayar da ita. Narkar da abinci na haifar da zafi a jiki, shi ya sa da rana ta take sai ƙwaƙwalwa ta rage sha'awar ci, ka ga kaza ta buɗe baki tana haki, fukafukai a sake, tsaba a gabanta ba ta kula ba. Kada ma a auna ta da tunkiya: sinadarin girelin da ke tada yunwar dabbobi masu shayarwa, a kaza rage ci yake yi.

Abin da garin ke yi shi ne mayar wa kaza gishirin jiki da bitamin C ɗin da ta rasa saboda zafi, kuma nan ya cancanci kuɗinsa. A bi awon da ke jikin takarda, a dama sabo kullum, a ajiye a inuwa, don rana na kashe bitamin ɗin. Kaza mai ƙwai na bukatar wajen giram 110 zuwa 120 na abinci a yini. A ba ta da asuba da bayan la'asar, ruwa mai sanyi kuwa kada ya yanke.